Awon da Gwaggo Ta Nema

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafa, ya ɗinki, ya kuma kunnen? Na so in kira ki a waya, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ina ce miki an kawo wuta, kina salati kina tambayata wa ya mutu. Shi ya sa na koma takarda. Direban motar safe zai kawo miki ita tare da yadi kala uku.

Gwaggo, riguna nake so, guda uku. Biyu na zuwa shago, ɗaya ta fita. Waɗanda kika ɗinka min bara waccan duk sun ƙi ni. Shuɗiyar nan ma da nake ji da ita, na sunkuya zan kwance kwamfuresar wani firij, ta tsage daga wuya har ƙugu a gaban mai kayan. Ga sabon awo: wuya inci goma sha bakwai da rabi, ƙirji arba'in da shida, kafaɗa ashirin, damtse goma sha bakwai. Tsawo yana nan yadda kika san shi. Don Allah a saki hannun sosai.

Teloli sun cika unguwarmu, amma tun ina ɗan shekara bakwai wuyana bai san kwalar kowa ba sai taki, ba kuma yanzu zai fara ba.

Matata Malama na gaishe ki, an ƙara mata aji, yanzu 'yan aji huɗu take koyarwa. Jikarki Ƙanƙara ta ce a ɗinka mata jaka da ƙyallen da ya rage.

Naki har kullum,
Tsinke

*

Tsinke,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, ƙafa da sauƙi, kunne kuma yana jin abin da ya ga dama.

Yadi ya iso, ka iya zaɓe. Amma awon nan na karanta shi sau uku, na goge tabarau na sake karantawa. Na ɗauko littafin da nake rubuta awon 'yan gida, na buɗe shafinka. Bara waccan wuyanka goma sha huɗu da rabi ne, ƙirjinka talatin da shida. Kai ne fa yaron da nake yi wa riga da ragowar yadin wandon wani. Ba don Allah ya so ba da iska ta tafi da kai tun kana firamare, shi ya sa babanka ya sa maka Tsinke.

To ɗayan biyu ne. Ko dai ka kama tef ɗin ta gefen santimita, ko kuma firijin mutane ka auna ka aiko min. Na nuna wa maƙwabciyata mai kitso, ta ce wataƙila auren ne ya karɓe ka. Na ce shekara shida da aure, sai yanzu zai karɓe shi dare ɗaya?

Ba zan sa almakashi a yadi mai kyau haka a kan awon da ban yarda da shi ba. Ka sa Malama ta sake auna ka, ita mai ilimi ce. Kuma ka gaya min abin da kake ci, in ma zai yiwu ka aiko min da shi, don ni kullum ramewa nake.

Ka shafa min kan Ƙanƙara. Jakarta ba sai an jira ƙyalle ba, ga ta nan na ba direba.

Gwaggonka

*

Gwaggona ta kaina,

Na yi dariya har abokin aikina Mai Tabarau ya leƙo daga bayan shago yana tambaya ko lafiya. Awo daidai yake. Ga hoto nan na sa a ambulan don ki gani da idonki.

Ɗaga ƙarfe nake yi, shekara uku ke nan. Akwai wani ɗaki a bayan wurin wankin motoci, rufin kwano ne, da madubi bango guda da fanka ɗaya da ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. Mu wajen goma sha biyar ne, akwai direba, akwai mahauci, akwai ma'aikacin banki. Da na rufe shago can nake nufa. Shekarar farko na sha wahala a banza, ƙwai da madara kamar in yi kuka, amma damtse ya ƙi ya wuce goma sha uku. Sai mai wurin, muna ce masa Koci, ya ja ni gefe ya ce, “Irin jikinka ba ya tashi da abinci kaɗai, sai an taimaka masa.”

Allura ce ta gina tsoka, sitiroid suke ce mata. Kar ki ɗora hannu a ka, Gwaggo, rabin 'yan ɗakin suna yi. Sau biyu a sati, a cinya. Cikin wata huɗu na ga abin da ban gani ba a shekara guda. Wasu suna yin wata uku su huta wata uku, to su ne ke shan wuya, da sun tsaya sai su sace kamar balan-balan. Koci ya ce jiki kamar firij ne, kashewa da kunnawa ke lalata shi. Don haka ni ba na yankewa, sai dai in rage in ƙara. Shekara biyu cur ban tsallake sati ba.

Gwaggo, ba ki san yadda abin yake ba. Da in na shiga gidan mutane gyara, maigadi sai ya ce ina ogan naka. Yanzu tun daga ƙofa ake ce min ranka ya daɗe. Yaran layinmu sun daina ce min Tsinke, ke kaɗai kika rage, ke ma don ba yadda zan yi da ke ne.

A yanka yadi, don Allah. Da singileti nake zuwa aiki.

Naki,
Tsinke (ko kuwa Turmi, yadda ake faɗa yanzu)

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da girmamawa, tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ƙanƙara ta ga jaka, har barci take yi da ita, mun gode ƙwarai.

Gwaggo, wannan takarda a makaranta na rubuta ta lokacin tara, kuma ni na kai wa direba da hannuna. Ɗanku bai san da ita ba, ina roƙon ta tsaya tsakaninmu.

Ba ƙararsa na kawo ba. Mutumin kirki ne, bai taɓa barinmu da yunwa ba, har yanzu shi ke yi wa Ƙanƙara wanka ranar da ba aiki. Amma hoton da ya aiko muku ta gaba aka ɗauka. Ni ke wanke rigunansa, bayansa duk ƙuraje ne, har jini suke bari a yadi. Minshari yake yanzu wanda maƙwabta suka fara yi min tsiya a kai, wani lokaci numfashin ya tsaya cak sai na taɓa shi. Haɓo ya yi sau uku a watan nan. Ƙirjinsa ya yi wani kumburi da ba na motsa jiki ba, yana masa zafi, har ya hana Ƙanƙara hawa jikinsa. Alluran suna cikin gwangwanin biskit a saman kwaba, yana tsammanin ban sani ba.

Sai fushi. Satin da ya wuce yarinyar ta zubar masa da garin madarar da yake damawa, ya daka mata tsawar da ta sa ta shige ƙarƙashin tebur ta ƙi fitowa. Daga baya shi ma ya zauna a ƙasa kusa da teburin yana ba ta haƙuri, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce min, “Wallahi ban san daga ina abin yake tasowa ba.”

Akwai kuma maganar da nake jin nauyin rubutawa, amma ba ni da wadda zan gaya wa sai ku. Ƙanƙara ta cika shekara huɗu. Shekara biyu muna sa rai, shiru. Na je asibiti an yi min gwaji sau uku, an ce ba abin da ke damuna. Likitar ta ce in zo da maigida. Da na gaya masa sai ya yi dariya, ya naɗe hannun riga ya ce, “Dube ni da kyau, ni na yi kama da mara lafiya?” 'Yan'uwa kuma sun fara yi min sannu irin wadda ba ta gajiya ba ce.

Ni dai siriri na gan shi na ce ina so. Ban taɓa ce masa ya ƙara ko inci ɗaya ba.

Ku yi haƙuri da tsawon takarda. Allah ya ƙara girma.

'Yarku,
Malama

*

Tsinke,

Na ga hoto. Na kafe shi a jikin keken ɗinki na yini ina kallo. Damtse kam ga shi nan, ba ƙarya ka yi ba, ka yi kama da buhun da aka cika aka rasa igiyar ɗaurewa. Amma ni fuska na duba. Ta kumbura, ta yi jawur, jijiyar wuyanka ta fito. Na taɓa ganin wannan fuskar. Ta babanka ce, a shekararsa ta ƙarshe. Kana makaranta ranar da ya faɗi a bakin teburin aikinsa, ni na riƙe kansa a mota har asibiti. Shekararsa hamsin da biyu, kuma shi ko allurar zazzaɓi sai an danne shi. Hawan jini a gidanmu gado ne, ba ya buƙatar a taimaka masa.

Wannan Kocin naka, a wace makaranta ya karanta likitanci? In ce dai tsakanin wankin mota da ɗaurayewa ya yi digirin?

Ga sharaɗina. Ni tela ce, ba na yanka sai awo ya cika, naka kuma bai cika ba. Saura awon jini. Ka je asibiti na gaske, ka gaya wa likita abin da kake tsira wa cinyarka, sunansa da yawansa da tsawon lokacin, kar ka rage komai. Duk gwajin da ya ce a yi, a yi. Ka aiko min da takardar. In ya ce lafiyarka ƙalau, zan ɗinka maka riguna har da aljihun zuba allurai. In ba takarda, yadinka zai zama labulen shagona, dama na tagar ya tsufa.

Kar ka aiko min da wasa a amsa. Na fi ka iya shi.

Gwaggonka

(Wannan 'yar guntuwar da na liƙe daban ta Malama ce, batun ɗinkin mata ne, ba ruwanka.)

'Yata, na ji, kuma bakina a ɗinke yake. Kar ki sake kai hannunki a ɗebi jini ke kaɗai. Masu yi miki sannu kuma ki turo min su.

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Wata biyu ban rubuto ba, fushi nake yi da ke, gara in faɗa. Har na je wurin wani tela a bakin titi, ya yi min riga mai kwala kamar kunnen jaki. Ga takardar da kika nema nan a ciki. Ba don yadin na je ba, ga yadda aka yi.

Ranar Talata waccan muka mayar da wani firij mai ƙofa biyu gidan masu shi, hawa na uku. Mai Tabarau ya kama sama, ni na kama ƙasa, don ni ne mai ƙarfin. Kin san shi, ya ba hamsin baya, ƙafafunsa kamar sandar rake. A hawa na biyu zuciyata ta fara dukan ƙirjina, idona ya yi duhu, hanci ya ɓalle da jini. Na ce a sauke. Na zauna a matakala ina haki, shi kuwa ko gumi bai yi ba. Shi da maigadi suka ƙarasa da kayan.

Matar gidan tsohuwar nas ce. Ta ba ni ruwa, ta ɗauko abin awon jini, da ƙyar ya zagaye hannuna. Ta duba, ta sake aunawa, ta ce, “Ɗana, daga nan asibiti za ka, ba shago ba.” Ɗari da saba'in a kan ɗari da biyar.

A hanya na gaya wa Mai Tabarau maganar Koci, cewa jiki kamar firij ne, ba a kashe shi. Ya sauke tabarau ya dube ni. Ya ce, “Kai da sana'arka? Firij mai lafiya ai da kansa yake tsayawa ya huta. Wanda kwamfuresarsa ba ta tsayawa shi ake kawo mana.” Shekara goma sha biyu ina wannan aiki, Gwaggo, ban taɓa haɗa biyun ba.

Likitan bai yi min faɗa ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Na gaya masa komai. Ya ce jinina ya yi kauri, bangon zuciyata ya fara kauri shi ma, amma an zo da wuri. Kumburin ƙirji daga allurar ne. Sai ya tambaye ni 'ya'yana nawa, kuma ko muna neman ƙari. Ya sa aka yi wani gwajin.

A takarda kaɗai zan iya gaya miki wannan. Ba ko ɗaya, Gwaggo. Ƙwayar haihuwa ko ɗaya ba su gani ba. Ya ce in ana zuba wa jiki sinadarin maza daga waje ba hutu, sai ya rufe nasa wurin yin. Na ce zai dawo? Ya ce ga yawancin mutane yana dawowa, wata shida, shekara, wani ya fi haka, wani kuma ba ya dawowa duka. Ba zai yi min alkawari ba.

Shekara biyu baiwar Allah nan tana bin layin asibiti, ana ɗibar jininta, ana yi mata kallon mai laifi, ni ina gaban madubi. Na same ta a falo tana duba littattafan yara da jan biro. Na ajiye mata takardar a kai. Ta karanta har ƙasa, ta ce, “To, yanzu dai mun san inda za a gyara.” Na ce ba za ki zage ni ba? Ta ce, “Sai na gama makin nan.”

Abin haushin, shekara guda ke nan damtsen bai ƙaru ba. Na ninka allurar, ƙuraje ne kawai suka ninku. Kuma tun da hannuna ya yi kauri ba ya shiga bayan firij, Mai Tabarau ke kwance min kusoshin ciki. Na je na gaya wa Koci sakamakon, ya ce kar in damu, akwai ƙwayar hawan jini, akwai ta ƙirji, akwai ta haihuwa, duk yana da su. Na ce to sai kuma ta me? Bai gane ba.

Na kai wa likita gwangwanin da nake ajiye alluran gaba ɗaya. Ya ce tsayawar ma sai da kulawa, zai riƙa ganina duk wata, kuma in shirya, za a sha wuya.

Ki yafe min fushin.

Tsinke

*

Ɗana,

Na karanta, na rufe shago na shiga ciki na ɗan jima. Mai kitso ta tambaye ni me ya sami idona, na ce zare ne ya shiga.

Awo ya cika, ga riguna. Ban yanka a kan awon da ba, ban yanka a kan na yanzu ba, tsakiya na bi, don na san inda za ka. In sun yi yawa nan gaba ka aiko a rage, ragewa ba ta da wuya.

Matar nan taka ka riƙe ta da hannu biyu. Yanzu ma da kake da manyan hannuwa, sai ka yi amfani da su kafin su tafi.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Ɗanku ya ce in rubuto a madadinsa, wai hannunsa duk baƙin mai ne, amma ni na san kunya ce.

Wata biyar ke nan da daina allurar. Biyun farko ba su yi daɗi ba. Ya yi laushi kamar tsumma, ya dawo daga shago ya kwanta a kujera yana kallon silin. Abin kuka ba wuya, ranar nan Ƙanƙara ta zana shi a takarda, da hannuwa kamar tayar mota, ya duba ya fashe. Sau ɗaya ya sa takalmi ya ce zai je ya gaisa da Koci kawai. Ban hana shi ba, na ce ya tafi da Ƙanƙara ta sha iska. Suka kai bakin layi suka dawo da alewa.

Yanzu alhamdu lillahi. Jinin ya sauko, ana ba shi ƙwaya ɗaya da safe. Ƙurajen sun bushe. Minsharin ya ragu har maƙwabciyarmu ta tambaye ni ko ya yi tafiya. Kumburin ƙirjin ne bai gama tafiya ba, likita ya ce a ƙara dubawa. Gwajin wancan batun an sake yi a wata na uku, har yanzu shiru, an ce a koma nan da wata huɗu. Tare muke zuwa yanzu, shi ke riƙe min jaka a layi.

Bai bar ɗaga ƙarfe ba, likita ma ya ce kar ya bari. Ya koma wani wuri kusa da makarantarmu, sau uku a sati, yana ɗaga rabin abin da yake ɗagawa da, yana ƙorafi kamar an yi masa sata. Mutum biyu daga tsohon ɗakin sun zo har gida sun tambaye shi sunan gwajin, mahaucin da ma'aikacin bankin. Sauran sun ce tsoro ne ya kama shi. Ya ce eh, tsoro ne.

Ranar Juma'a kuma, a gaban 'yan'uwa, aka fara yi min sannun nan, sai ya ajiye cokali ya ce, “Ni za ku yi wa, matsalar tawa ce.” Kowa ya koma kan abincinsa. Da kuna nan da kun ji daɗi.

Allah ya bar mana ku.

'Yarku,
Malama

*

Gwaggo,

Gaisuwa a tsaye, direba na hura min hon.

Yanzu muka fito daga asibiti. Likita ya ce ya gani, ƙwayoyin haihuwar sun fara dawowa. Kaɗan ne, bai kai a yi murna ba tukuna in ji shi, amma suna nan, kuma suna motsi. Na ce ya sake faɗa, ya sake. Malama ta tambaye shi nawa ne daidai, ta rubuta a tafin hannunta.

Ya ce a ƙara haƙuri wata uku. Za mu yi.

Ki yi mana addu'a.

Tsinke